Baƙin Zani a Hasumiyar Goggo Champa

Masu turo mini saƙo kuna cewa in daina kewaye-kewaye in faɗa muku ko zan auri Bikendra, ku ƙara haƙuri. Ni ma da nake cikin gidan ban sani ba. Yau labarin wani ƙyalle zan ba ku, wanda ya hana gidanmu cin abinci da daɗi har kwana biyu. Ga wanda ya shigo yanzu kuwa, sunana Nirjala, shekarata ashirin da shida, ina koyar da lissafi a wata firamare a nan Bhaktapur. Akwai wani mutumin kirki da yake so ya aure ni. Akwai kuma wadda nake so, sunanta Sumnima, shekararmu uku tare, kuma a gidanmu ba wanda ya sani. Iyakar abin da kuke buƙata ke nan.

Goggona ta rasu wata bakwai da suka wuce. Ni ce nake ce mata Goggo. Baba kuwa, in ya zama dole ya ambace ta, "baffanki" yake cewa, sai ya miƙe ya shiga neman wani abu da bai ɓata ba. Namiji aka haife ta, a ɗakin da nake kwana yanzu, aka sa mata Ratna Bhakta. Tana da shekara ashirin da biyu ta ɗauki akwatinta ta hau motar Katmandu, ta zama Champa, ba ta sake sa wando ba har ta bar duniya. Irinsu meti ake ce musu. Tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba, amma shekara talatin da uku ba ta sake taka tsakar gidan nan ba.

Ni sai da na shiga kwaleji a Katmandu na nemo ta da kaina. Ɗaki biyu ne a hawa na uku, kan wani shagon gyaran babur. Abin da na fara gani silifa ne a bakin ƙofa, sun fi ƙafa goma, ba biyun da suka dace da juna. Duk yaron da aka kora daga gida saboda yanayin tafiyarsa, duk yarinyar da aka kama da wasiƙar 'yar'uwarta mace, in suka sauka a tasha da leda a hannu, sai wani ya yi musu kwatancen hawa na ukun nan. Goggo ba ta tambayar kowa abin da ya yi. Cewa take, "Ka ci abinci? To wanke ƙafa tukuna, ba otal ka zo ba." Daga nan sai ta nema maka makaranta ko wurin koyon sana'a, ta bi ka da masifa har ka gama. Uwa Champa suke ce mata. Sumnima ma a hannunta ta tashi tun tana 'yar shekara sha bakwai, yanzu ma'aikaciyar jinya ce. A wannan ɗakin na fara ganinta, tana yanka albasa tana zagin albasar.

A bangon ɗakin akwai wani hoto da ya dishe, na ranar da suka fara fita titi a fili, sama da shekara ashirin baya. Ba su da yawa, kuma rabinsu sun rufe fuska. Goggo tana gaba da koren sari, fuskarta a buɗe, tana riƙe da lema ta karye. Na tambaye ta dalilin da suka zaɓi ranar Gai Jatra, bikin saniya, su fito. Ta ce, "Ke ma dai. Ranar da kowane ƙato yake ɗaura zanin matarsa ya fita rawa, wa zai kama ni don na ɗaura nawa? Kuma rana ce ta tuna matattu. Namu matattun ba mai fitar musu da saniya, sai mu." Tun daga lokacin ba ta taɓa fashin tattakin nan ba, ko shekarar da ƙafarta ta kumbura a keken haya aka tura ta.

To bana ita ce mamaciyar, kuma fitar da ita ya faɗo kan gidanmu.

Ana jibi biki Baba ya shigo da gora. Kun san dai al'adar: duk gidan da aka yi rashi cikin shekara sai ya ɗaure doguwar hasumiyar gora, a naɗe ta da tufafi, a maƙala hoton mamaci a sama da ƙahon ciyawa, mutum huɗu su saɓa a kafaɗa a zaga gari. Hasumiyar nan ita ce saniyar mamacin. Ranar ce ake buɗe ƙofar lahira, mamaci ya kama wutsiyar saniyarsa ya haye. In namiji ne ya rasu, farin ƙyalle ake naɗawa. In mace ce, baƙin zaninmu mai jan baki. Tun daga ƙarshen layi mutum zai hango ya san wa aka rasa.

Baba kafinta ne, kuma ba ya aikin ha'inci ko da yana fushi. Wuni guda ya yi a tsakar gida yana fere gora, yana ɗauri, yana kwancewa. Da la'asar na dawo daga makaranta na tarar hasumiyar a jingine da bango, ta kusa taɓo tagar hawa na biyu. A kan benci ga farin ƙyalle sabo dal, a ninke. A kansa ga hoto cikin gilashi: wani saurayi ɗan shekara sha tara, da hula, da ɗan gashin baki da bai gama yanke shawarar fitowa ba.

Na ce, "Baba, wannan wane ne?"

"Baffanki."

"Ban san shi ba."

"Ba ki da buƙatar saninsa. Miƙo mini igiyar can."

Na miƙa masa. Na ce, "Akwai hotonta a wayata, na bara. In na kai wurin mai wanki yanzu, kafin magariba ya fito."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ke Nirjala, na ƙona abin da za a ƙona, na yi zaman kwana sha uku, ban ci gishiri ba. Duk abin da ɗan'uwa yake yi na yi. Abin da ba zan yi ba shi ne in ɗauki abin kunya in ɗora a kan gora in zaga gari da shi."

Mama ta leƙo daga tagar kicin da ludayi a hannu. Ta ce, "Kuma a ƙarƙashin tagar su Bikendra za a wuce, kin sani sarai. Uwarsa ta gayyaci dangi za su yi kallo daga sama. Abin da muka ce musu, ƙanen Babanki ne ɗan kasuwa ya rasu a Katmandu. Jibi-jibin nan za su aiko da gwe, kada ki ɓata mana."

Gwe shi ne goronmu na neman aure, ƙwaya goma, a cikin ɗan kwanon azurfa. In iyayen yarinya suka karɓa, magana ta ƙulle. Wata huɗu ke nan ina tura ranar gaba, yau jarrabawar yara, gobe ciwon ciki, har dabarata ta ƙare.

Bari in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba. Da Mama ta ambaci tagar nan, wani sashe na zuciyata ya yi tsalle don murna. Na ce a raina, in baƙin zani ya hau hasumiyar nan, gwe ba zai zo ba, na huta ba tare da na buɗe bakina ba. Don haka kada ku ɗauke ni wata jaruma. Ina son Goggo, wannan gaskiya ne. Amma na so in ɓuya a bayan gawarta, wannan ma gaskiya ne, kuma na ji kunyar kaina.

Na hau ɗaki na rufe ƙofa. A wayata "Mai Ɗinki" na ajiye sunan Sumnima, saboda Mama tana da hannun ɗaukar wayar mutane.

Na rubuta: "Fari ya sayo. Da hoton hula."

Ta amsa nan take, alamar tana hutun aiki: "Na sani. Na faɗa wa yaran Uwa Champa kada su sa rai."

"Me suka ce?"

"Muskan ta yi kuka, sannan ta zagi Babanki, sannan ta ce in ba ki haƙuri kan zagin."

"Za ku yi mata naku a tattakin Katmandu ai."

"Za mu ɗaga hotonta. Amma kin san ba ɗaya ba ne. Saniyar gida ita ce saniya."

Ina kallon saƙon sai ga na Bikendra ya shigo ta sama. Shi kullum da gaisuwa yake farawa kamar mai rubuta wa hedimasta. "Barka da yamma Nirjala. Da fatan an tashi daga aiki lafiya. Umma ta ce a tambaya, kin fi son kindirmo mai sukari ko marar sukari, za a aiko muku ranar biki." Gidansu kindirmo suke yi a kaskon ƙasa, tun kakanni, kuma shi ya shekara biyar a Japan ya dawo ya sa musu firji. Ba shi da laifin komai. Da yana da shi da na ji sauƙi. Na rubuta masa, "Kowanne ma, na gode," na kife wayar.

Washegari, ranar cikar wata, Mama ta dafa miyar wake iri tara kamar kowace shekara. Muka zauna a jere a kan tabarma a hawa na sama, ruwan sama yana zuba a kan kwanon rufi. Kaka tana can kusa da murhu, inda ba mai zama sai ita. Shekararta tamanin da huɗu, haƙoranta uku, sigarinta biyu a rana, kuma tun rasuwar nan ba ta ce uffan kan maganar ba. Ba ta cewa Ratna, ba ta cewa Champa. Auta kawai take cewa.

Ta kurɓi miya ta ajiye kwano. Ta ce, "Hari, na leƙa tsakar gida na ga farin ƙyalle. Wa ya mutu?"

Baba ya ce, "Inna, kin sani."

"Ban sani ba shi ya sa na tambaya. Yaron da ke cikin hoton nan na san shi, amma ai shi ya daɗe da tafiya. Wanda aka ƙona bana daban."

Mama ta ce, "Inna, a bari a gama cin abinci mana."

"Ke ci naki, ba da ke nake ba." Ta juya ga Baba. "Gobe za a buɗe ƙofa. Matattun shekara duk za su taru, kowa yana duba tasa saniyar. Auta zai tsaya yana dubawa. Mutumin da ya shekara talatin da zani a ƙugu, ya hango farin ƙyalle da yaro mai hula, zai ce tasa ce? Zai ce ta maƙwabta ce, ya matsa gefe ya ba su hanya. A rufe ƙofa yana tsaye. Haka kake so?"

"Inna, can ba a duba tufafi."

"Ka je ka gani? In ba a dubawa me ya sa muke naɗawa?"

Baba ya mayar da kai kan miyarsa. Ni kuwa na dage da kallon wakena, ina ƙirga iri nawa zan gane.

Kaka ta ce, "Ranar da ya tafi ina tsaye a tagar nan. Ubanku ya ce duk wanda ya kira shi ya bi shi. Ban kira ba. Na bar shi tsaye a waje sau ɗaya, ba zan ƙara ba." Ta miƙo mini ɗan makulli daga cikin ɗamararta. "Ke sarkin taurin kai, buɗe akwatina. Can ƙasa akwai wanda na saƙa da hannuna, ban taɓa ɗaurawa ba."

Baba ya ture kwanonsa. Bai ɗaga murya ba, ba ya yi wa uwarsa haka. Ya ce, "Gidanki ne, Inna, ki naɗa abin da kika ga dama. Amma kafaɗata ba za ta shiga ƙarƙashinsa ba. Kuma ba namijin da zai ɗauka a zuriyar nan, ni zan faɗa musu da bakina. Sai ku nemo masu ɗauka."

Kaka ta kalle ni. "Aka ce Auta ya bar 'ya'ya?"

Na ce, "Sha ɗaya ne a ɗakin yanzu. Waɗanda suka tashi suka kama gabansu kuwa ban san iyakarsu ba."

Ta ce, "To me ake jira?"

Ranar biki da safe ƙarfe bakwai 'ya'yan Goggo suka sauka daga motar farko. Su goma sha shida. Sun bar tattakin Katmandu, wanda wasunsu ba su taɓa fashinsa ba, suka zo garin da ba su san kowa ba. Sumnima ta gargaɗe su kan kwalliya, don haka suka zo a natse, gwargwadon yadda suka fahimci natsuwa. Muskan, meti 'yar shekara sha tara mai koyon gyaran gashi, ta sa farin kurta, doguwar riga har ƙasa, amma ta kasa haƙura da jan baki da 'yan kunne masu kai wa kafaɗa. Dipen, wanda aka haifa mace kuma yanzu yake tuƙa tasi, ya sa riga mai wuya da hula, ya fi kowane namijin layinmu kama da mai zaman makoki. Sumnima ta sa shuɗin kurta marar ado, ta ɗaure gashinta baya. Ni baƙin zani na ɗaura da jar riga, Mama ta naɗa mini farar ɗamara tana jan ta kamar da ita take faɗa.

A tsakar gida suka yi cirko-cirko. Kaka ta sauko da sandarta, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana leƙa fuska. Da ta zo kan Muskan ta tsaya.

"Ke wa ya haife ki?"

"Wata ce a ƙauye, Kaka. Amma Uwa Champa ce ta raine ni."

"Ta iya girki kuwa? Da ta bar nan ko ruwan zafi ba ta iya ba."

Muskan ta ce, "Kaka, a bar tone-tone. Mamaci ba a faɗin gishirinsa."

Kaka ta yi dariya har haƙoran nan uku suka fito, sannan ta share ido da gefen mayafi ta ce a ba su shayi. Muka naɗa zanin, jan bakinsa yana zagaye gora daga sama har ƙasa. Muka maƙala hoton bara, Goggo da sari ruwan goro da tabarau, ta ɗan karkata kai kamar za ta tambayi mai hoton ko ya ci abinci. Baba yana shagonsa da ke ƙofar gida, yana goge wani katako da ya riga ya yi sumul.

Ni da Dipen muka kama gaba, Sumnima da Muskan baya. Tun a ɗagawar farko na gane mun ɗebo abin da ya fi mu. Hasumiyar ba nauyi ne da ita ba sosai, tsawo ne, kuma Dipen ya fi ni da taƙi guda, don haka duk ta kwanto kaina. Ruwan jiya ya sa bulon titi santsi. Muka fita layi muna tangaɗi, sauran yaran a gaba sun yi layi biyu suna buga sanduna kamar yadda suka ga 'yan gari suna yi, ba su iya ba amma ba su fasa ba.

Ba mu kai rijiyar unguwa ba wata mata mai sayar da fure ta hango baƙin zani ya fito daga layinmu. Ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, ashe tsohuwar gidan kafinta ta tafi? Yaushe?"

Daga tagar sama muryar Kaka ta sauko: "Uwarki ce ta tafi. Ni ga ni nan ina shan sigarina."

A layinmu abin dariya ya zama. Amma da muka shiga babban titi, inda hasumiyoyi suka jeru ɗaya bayan ɗaya, da ganguna da kuge da mutane har kan rufin gidaje, ba Kaka a taga da za ta ƙaryata. Hoton yana can sama cikin furanni, ba mai gane fuskar. Abin da kowa yake gani baƙin zani ne daga gidan Hari Bhakta, kuma mace ɗaya ce ta isa mutuwa a gidan.

Na waiga na ga Baba. Ashe ya biyo mu, can baya, hannuwansa a goye, kamar wanda hanya ce kawai ta haɗa mu. Mutane suna tare shi. "Hari Bhakta, ya haƙuri? Ba mu ji ba." Sai ya sunkuyar da kai ya wuce, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Daga nan sai kallo ya sauya. Ɗan da uwarsa ta rasu ai aski yake yi, ya shekara cikin fararen kaya tun daga hula har takalmi. Ga Baba da gashinsa, da rigarsa ruwan toka. Na ji wani dattijo yana ce wa na kusa da shi, "Duba mini nan. Uwarsa ta mutu ko aski bai yi ba, kuma ya bar mata da baƙi suna ɗaukar masa." Na san Baba ya ji, don kunnensa ya yi ja.

A kwanar da ake gangarawa dandalin haikali akwai wayoyin lantarki da suka yi ƙasa. 'Yan gari sun san yadda ake yi, na gaba su durƙusa, na baya su ɗaga, a kwantar da kan hasumiya a zura. Mu ba wanda ya faɗa mana. Ƙahon ciyawa ya sarƙe a waya, Muskan ta ja baya, ni na zame, gora ta goge mini kafaɗa har na ji fata ta tafi. Hoton Goggo ya karkace ya rataya da igiya ɗaya. Na bayanmu suka fara ihu a ba su hanya.

"Ba haka ba. Ke, saki. Na ce saki."

Baba ne. Ya ture ni gefe da gwiwar hannu ya shiga ƙarƙashin gorar. "Kai mai hula, durƙusa. Ku na baya, sama. Sama na ce, ba ku ci abinci ba ne? Yanzu taku uku gaba." Hasumiyar ta kwanta, ta zura, ta miƙe tsaf. Ya sa aka sauke, ya hau kan dakalin wani shago ya gyara hoton da hannunsa, ya ƙulla igiyar sau biyu. Ya ɗan jima yana kallon fuskar. Rabonsa da ita tun tana da gashin bakin nan.

Na zaci zai koma baya. Sai ya sauko ya ce, "Wuni guda na yi ina ɗaurin nan, ba zan tsaya ina kallo ku karya mini aiki ba." Ya sake saɓawa. Wani yaro cikin 'ya'yan Goggo ya karɓi Sumnima, ita kuma ta dawo gefena tana duba kafaɗata.

Gidan su Bikendra yana bakin dandalin, hawa uku, da tagogin katako masu sassaƙa. Tagar tsakiya cike take da mata cikin jan sari da gwal. A ƙofar gida an ajiye tebur ana raba wa masu wucewa kindirmo a ƙananan kasake, Bikendra da kansa yake zubawa, da farar riga ya naɗe hannu. Da ya gan mu ludayin ya tsaya a sama.

Uwarsa ta leƙo har rabin jikinta ya fito. Mace ce mai murya, ba ta san raɗa ba. Ta ce, "Hari Bhakta, me nake gani haka? Inna ce ta rasu ba ku aiko ba? Kuma ina fararen kayanka?"

Masu sanduna suka tsaya. Gangar da ke bayanmu ma ta yi sanyi, don mutanen garin nan ba sa barin irin wannan ta wuce su. Mama tana gefe ta ja mayafi ta rufe baki. Baba yana tsaye da gora a kafaɗa, gumi yana bin wuyansa. Yana iya cewa kuskuren mata ne aka naɗa baƙi. Yana iya yin shiru kamar yadda ya yi tun safe. Ni kaina ban san wanne nake fata ba.

Ya ce, "Inna tana gida lafiya lau."

"To wace ce wannan? Ai ƙanenka kuka ce."

Ya gyara zaman gorar a kafaɗarsa. Ya ce, "Ƙanwata ce. Champa sunanta. Waɗannan 'ya'yanta ne, a ba su kindirmo."

Muskan ta fashe da kuka a bayan hasumiya, jan bakin duk ya dame. Bikendra ya kalli sama wurin uwarsa, ya kalli Baba, sannan ya ci gaba da zubawa, ya miƙa wa Dipen kasko na farko da hannu biyu. Ni dai ban ji komai ba a lokacin sai zafin kafaɗa. Daga baya ne abin ya zo mini.

Aka sauke hasumiyar a gefen dandali don a huta. Na zauna a kan matakalar haikali. Sumnima ta tsuguna a gabana, ta janye wuyan rigata, ta jiƙa hankicinta da ruwan sha tana goge wurin, tana faɗa ƙasa-ƙasa, wai na cika son nuna ƙarfin da ba ni da shi. Gashi ya zubo mini a fuska, ta mayar da shi bayan kunnena da yatsa ɗaya, yadda take yi kullum. Mun manta inda muke, iyakar abin ke nan.

Inuwa ta rufe mu. Baba ne, da kaskon kindirmo biyu a hannu. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya miƙa wa Sumnima ɗaya, ta karɓa. Nawa bai miƙo ba. Ya zauna a matakalar kusa da ni, yana kallon hasumiyar.

Ya ce, "Ni an tambaye ni a gaban gari, na faɗa." Ya nuna Sumnima da haɓa, ba tare da ya kalle ta ba. "Ke kuma ni kaɗai nake tambayarki. Wannan wace ce a wurinki?"